Fim ɗin da ba a iya kallonsa sau biyu, ya cancanci a kashe masa kuɗi?

Tambayoyin da suka taru a wannan karon sun bar batun waya da fanka mai caji da muka saba, sun koma kan fina-finai. Kuma wani irin fim na daban: wanda kowa ya yarda ya yi kyau, amma duk wanda ya kalla sai ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai sake ba. Ga waɗanda na zaɓo daga Gombe da Bauchi, na ɗan taƙaita su.

Wani ɗalibi daga Tudun Wada, Gombe: "Malam, abokina ya ba ni sunayen fina-finai uku: 12 Years a Slave, da Quo Vadis, Aida?, da Beasts of No Nation. Ya ce bai taɓa ganin kamarsu ba, amma ya rantse ba zai sake kallon ko ɗaya ba. Ni kuɗin datata a ƙirge yake, in na sauke fim so nake in yi ta maimaitawa. Akwai hikima in kashe kuɗi a kan abin da sau ɗaya zan kalla, kuma ya ɓata min rai?"

Akwai, ƙanena, amma kar ka sauke ukun a tare. Lissafin da kake yi na maimaitawa daidai ne ga fim ɗin barkwanci ko na soyayya, wanda in ka kwana biyu ka manta rabinsa, sai ka sake kunnawa. Irin waɗannan kuwa kallo ɗaya ya biya ka kuɗinka, domin bayan shekara goma za ka iya ba da labarinsu tiryan-tiryan.

Bari in ɗan tsaya a kan dalilin da ya sa abokinka ya rantse, don shi zai taimaka maka wajen zaɓe. Mu ba baƙin kuka a gaban allo ba ne. Mun tashi da fina-finan Indiya da ake mutuwa a ƙarshensu, iyayenmu mata suna share hawaye da bakin zani, gobe kuma a sake sa kaset ɗin. Fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Moustapha Akkad ya shirya, Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon malamin nan na Libiya, da rataya ya ƙare, kamar yadda Italiyawa suka rataye shi a zahiri ranar 16 ga Satumba, 1931. Duk da haka mutane sun kalle shi ba adadi a ƙasar nan. Abin da ya sa shi ne, an ba mai kallo abin da zai riƙe. Dattijon ya mutu da mutuncinsa, ya yi shekara kusan ashirin yana gwagwarmaya, kana tashi daga kallon ƙirjinka cike da alfahari. Ukun da abokinka ya lissafa ba sa ba ka wannan. A kallon farko fata ne ke riƙe da kai, kana cewa wataƙila wannan hafsan ya tausaya, wataƙila a buɗe ƙofar nan. A kallo na biyu fatan ya riga ya ƙare, ka san inda gudun kowa zai tsaya, kuma ba ka da ikon cewa ya juya.

In ɗaya kawai kuɗinka zai kai, ka fara da Quo Vadis, Aida? Shi ne ya fi gajarta, bai kai awa biyu ba, kuma shi ne ba a nuna jini sosai a cikinsa. Jasmila Žbanić, 'yar Bosniya, ita ta shirya shi a 2020, a kan abin da ya faru a Srebrenica a watan Yulin 1995, lokacin da sojojin Sabiyawan Bosniya suka kashe Musulmi maza da yara samari sama da 8,000 a cikin 'yan kwanaki, a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ta ɗauki alhakin kare shi. Aida malamar makaranta ce da ke yi wa sojojin Holan na Majalisar tafinta. Ita tana da katin aiki a wuya, mijinta da 'ya'yanta maza biyu ba su da shi. Fim ɗin gaba ɗaya gudu take yi daga wannan jami'i zuwa wancan, tana roƙo a sa sunayensu a takardar ma'aikata. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, ita ce ake miƙa wa lasifika ta fassara wa dubban mutanen garinsu cewa su kwantar da hankali za a kai su wuri mai aminci, alhali ta fara gane abin da ke tafe. Ba ka buƙatar ganin gawa kafin jikinka ya yi sanyi.

Bayan mako biyu ko uku sai ka nemi 12 Years a Slave na 2013. Labarin Solomon Northup ne, baƙar fata mai 'yanci daga jihar New York, wanda aka yaudare shi aka sayar da shi bawa a 1841, bai kuɓuta ba sai 1853. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya fito a matsayinsa, Lupita Nyong'o 'yar Kenya kuma ta samu kyautar Oscar a kansa. Shi wannan ana nuna duka ƙiri-ƙiri, akwai tsiraici, akwai fyaɗe. Akwai wurin da aka rataye Solomon aka bar shi, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa taɓo, yana ɗan ɗaga jiki don ya shaƙi iska, a bayansa kuma sauran bayi sun fito sun ci gaba da aikinsu, yara suna wasa, ba mai iya kwance shi. Kyamarar ba ta kau da kai, kuma ta daɗe. Duk ɗan Afirkan da ya karanta cinikin bayi a aji ya wuce kamar lissafi, ya kamata ya ga wannan sau ɗaya.

Na ukun ni dai ba zan matsa maka ba. Beasts of No Nation na 2015, wanda aka ɗauko daga littafin Uzodinma Iweala aka ɗauke shi a Ghana, labarin yaro ne da yaƙi ya cinye danginsa aka mayar da shi soja. Abraham Attah ya yi wasan da ya ba shi kyauta a bikin fina-finai na Venice yana ɗan yaro. Amma akwai sara da adda a hannun yaro, akwai cin zarafinsa daga wanda ya ɗauka uba. Mu da muke Arewa maso Gabas ba daga nesa muke jin labarin yaran da aka ɗauke aka ba su bindiga ba. In ka kalli biyun farko ka ji zuciyarka za ta ɗauka, to. In ba haka ba ka bar shi, ba ka yi asarar komai ba.

Batun data kuwa, a hoto madaidaici fim yakan ci abin da bai wuce giga ɗaya a awa ba, mai kaurin hoto kuma yakan kai giga uku. A allon waya madaidaicin ya ishe ka. Ka sauke shi gaba ɗaya tukuna, kar ka kalla kai tsaye sabis yana yanke maka a tsakiya. Sannan kar ka kunna shi ƙarfe ɗaya na dare kai kaɗai da abin saurare a kunne, kuma kar ka yi a makon jarrabawa. Ranar da ba ka da aji, da rana, ku zauna da wani, in an gama ku fita ku sha iska ku yi maganarsa.

Wata uwa daga Fadamar Mada, Bauchi: "Na aiki yaro a tura wa ƙannensa katun na hutu. A ciki akwai wani na Japan, Grave of the Fireflies. Na ga yarinya ƙarama a hoton, na ɗauka na wasa ne. Ƙanwata ta ce kar in bar su su kalla. Babban shekararsa goma sha uku, ƙaramar shida. In goge?"

Ƙanwarki ta yi miki gata, Hajiya. Ki cire shi daga inda hannun yaran zai kai tun yau. Zane ne, amma ba na yara ba ne. Isao Takahata ya yi shi a 1988, daga wani gajeren labari na Akiyuki Nosaka, wanda shi kansa ƙanwarsa yunwa ta kashe ta a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Labarin wa da ƙanwarsa ne a birnin Kobe a 1945, shi ɗan sha huɗu, ita 'yar huɗu. Jiragen Amurka suka yi wa garin ruwan wuta, uwarsu ta ƙone ta rasu, uban yana rundunar ruwa ba labarinsa. Suka koma wajen wata gwaggonsu, abinci ya yi ƙaranci, ta fara yi musu gori a kan kowace loma, yaron ya yi zuciya ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani kogon fakewa a bakin tafki. Daga nan sai ki zauna kina kallon yarinya tana ramewa, ƙuraje sun feso mata, tana dunƙula ƙasa tana miƙa wa wanta wai ta yi masa abinci. Tun a minti na farko an nuna miki yaron ya mutu a tashar jirgin ƙasa, saboda haka ba wani ceto da ake jira.

Yarinya 'yar shida ba za ta ɗauki darasin yaƙi daga nan ba. Abin da za ta ɗauka shi ne uwa tana iya mutuwa a bar yara ba mai ba su abinci, kuma za ta kwana da wannan tsoron. Shi ɗan sha ukun, in mai natsuwa ne, nan da shekara biyu ko uku ku kalla tare, ke da shi. Akwai maganar da ta dace uwa ta yi da ɗa namiji a cikinsa, a kan zuciya da girman kai, domin da yaron nan ya haɗiye gorin gwaggonsa wataƙila da ƙanwarsa ta rayu. Akwai kuma maganar da ta shafe mu manya, mu da marayu ke zaune a gidajenmu, yadda ake zuba musu abinci da irin kallon da ake yi musu in sun ƙara. Don haka ke ki kalla, ranar da suka tafi Islamiyya. Kusan awa ɗaya da rabi ne.

Su kuma yaran ki nemo musu Children of Heaven, fim ɗin Iran na 1997 wanda Majid Majidi ya shirya. Yaro ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka ɓoye wa iyayensu saboda sun san babu kuɗin wani, suka riƙa karɓa-karɓa da nasa, ita ta je makaranta da safe ta rugo ta ba shi. Har ya shiga gasar gudu yana neman ya zo na uku, don takalmi ne kyautar na uku. Akwai tausayi a ciki, amma irin wanda yaro zai iya ɗauka, kuma za su nemi a maimaita musu.

Wani magidanci daga Jekadafari, Gombe: "Malam, na ji ana yabon The Milkmaid, an ce da Hausa da Fulatanci aka yi shi. Ina so in saya mu kalla da maiɗakina. Sai dai yayanta yana cikin waɗanda suka rasu a tashin bam na babbar kasuwa a 2015, har yanzu ba ta son shiga kasuwar. Na yi tunanin ko kallon zai sa ta yi kuka ta huce."

Allah Ya jiƙan surukinka, Ya jiƙan dukkan waɗanda suka rasu a ranar. Mutanen Gombe ba za su manta da 16 ga Yuli, 2015 ba, ana jajibirin ƙaramar Sallah, kasuwa cike da masu cefane, aka rasa kusan mutum hamsin. Kafin nan ga na Tashar Dukku a Disambar 2014.

Yabon da ka ji ba ƙarya ba ne. Desmond Ovbiagele ya shirya fim ɗin, ya fito a 2020, an ɗauke shi a Jihar Taraba, ana magana da Hausa da Fulatanci da Larabci. Ya ɗauki kyaututtuka biyar a gasar fina-finan Afirka ta AMAA a shekarar, har da ta gwarzon fim, Maryam Booth ma ta samu tata, kuma shi Najeriya ta miƙa wa masu gasar Oscar. Labarin 'yan'uwa mata biyu ne, Fulani masu tallar nono, 'yan ta'adda suka faɗa wa ƙauyensu ana tsaka da biki. Ɗayar ta shiga neman 'yar'uwarta, da ta same ta kuma sai ta tarar zuciyarta ta riga ta koma wajen waɗanda suka sace su. Wannan shi ne zafin fim ɗin. Bai tsaya a kan wanda aka kashe kaɗai ba, ya shiga cikin wanda aka bari da rai aka sauya masa tunani. Akwai harin ƙauye, akwai auren dole a daji, akwai batun ɗaura wa mata bam.

Ka lura da jimlar ƙarshen nan da kyau, ɗan'uwa, domin abin da ya kashe yayan matarka ke nan za a nuna mata a cikin harshenta, da fuskoki irin na maƙwabtanta. Niyyarka mai kyau ce, amma kuka iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a ji sauƙi, akwai kuma wanda ke mayar da mutum ranar da abin ya faru, ya ji ƙarar, ya ji ƙaurin, bacci ya ƙaurace masa mako guda. Matar da har yanzu ƙafarta ba ta iya taka kasuwar, ina tsoron na biyun za ta yi. Kuma a wasiƙarka ban ga inda ka ce ita ta nema ba.

Shawarata, ka saya ka kalla kai kaɗai tukuna. Za ka amfana, wataƙila ma ka fahimci wani abu daga shirun da take yi. Bayan nan ka gaya mata gaskiyar abin da ke ciki, ba tare da ka rage ba, ka bar mata zaɓi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai waɗanda abin ya shafa da suke samun sanyi in sun ga an ba da labarinsu, suna jin duniya ba ta manta ba. In tana cikinsu da bakinta za ta ce maka a sa. In ta ce a sa, a yi da rana, rimot yana hannunta, ta tsayar duk lokacin da ta so, kuma kar a yi a ƙarshen azumi, lokacin da abin ke dawo mata. In ta yi shiru ko ta kawar da zancen, amsa ke nan, kar ka sake tayar da shi.

Abu ɗaya kuma da ya fi fim muhimmanci a nan. In tana firgita da ƙarar salansa ko faɗuwar kwano, tana mafarkin abin, tana guje wa taro, to wannan ciwo ne da likitoci suka sani, kuma ana maganinsa. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma bai hana addu'a da haƙuri ba. Kuɗin da za ka kashe a kati da ganin likita ya fi na fim ɗin amfani gare ta, ka raka ta da kanka.

Wani mai shagon tura fina-finai a Wunti, Bauchi: "Kwastomomi, musamman mata, sukan ce in tura musu mai ban tausayi. In ajiye irin waɗannan masu nauyin? Kuma mai fassarar Hausa ya fi ko mai rubutu a ƙasa?"

Ka ajiye, amma ka ware musu wurinsu daban a kwamfutarka. Wadda ta ce maka mai ban tausayi, galibi irin na Indiya take nufi, a rabu, a yi waƙa, a yi kuka, a shirya. In ka haɗa mata da kisan ƙare-dangi ba ka ba ta abin da ta biya ba. Tambaya biyu sun isa kafin ka tura: wa zai kalla, kuma akwai yara a ɗakin? Katun kuma kar ka zuba a na yara sai ka duba, ka ga abin da ya samu Hajiya a sama. A IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, kusan kowane fim yana da sashen da aka rubuta wa iyaye abin da ke ciki na jini da tsiraici da ashar, minti biyu ya ishe ka karantawa.

Fassara kuwa, ta buɗe wa mutane da yawa ƙofa, ban raina ta ba. Sai dai salon da aka saba, na cusa barkwanci da habaici don a ƙara armashi, yana kashe irin waɗannan fina-finan. Yawancin nauyinsu a shiru yake, a muryar da ke rawa. In mai fassara ya cike shirun da surutu, an tafi da rabin fim ɗin. Ka saurari minti goma na kowace fassara, wadda ka ji ta natsu ka ajiye, wadda ta mayar da makoki wasa ka bar ta. Wanda ya iya karatun Turanci ka ba shi mai rubutu a ƙasa.

Na gida kuma, irin The Milkmaid, ko Dry na Stephanie Linus wanda ya yi magana a kan aurar da ƙananan yara da yoyon fitsari, ciwon da akwai cibiyar tarayya sukutum a Ningi saboda shi, ina roƙonka ka nemi hanyar da masu fim ɗin za su samu haƙƙinsu. Irinsu ba su da yawa, kuma da ƙyar ake samun mai zuba kuɗi a yi su.

Wani malamin sakandare daga Yelwa, Bauchi: "Ina so in nuna wa 'yan ajin ƙarshe fim a kan illar ƙiyayyar ƙabilanci. Zan yi hayar majigi da janareto daga aljihuna. Hotel Rwanda ko Sometimes in April? Wani ya ce Schindler's List."

Allah Ya saka da alheri, Malam. Schindler's List ka ajiye shi gefe. Babban aiki ne, Steven Spielberg ya yi shi a 1993 a kan Bajamushen da ya ceci Yahudawa sama da dubu daga hannun 'yan Nazi, ya ci Oscar bakwai, amma ya haura awa uku kuma akwai tsiraicin da ba za ka so ka haska a aji ba.

Ka ɗauki Hotel Rwanda na 2004. Kusan awa biyu ne, kuma an yi shi yadda matashi zai iya kalla, ana nuna kisan daga nesa. Sometimes in April na Raoul Peck, wanda ya fito a 2005 kuma a Ruwanda aka ɗauke shi, ya fi shi zurfi da gaskiya a ganina, amma akwai wurin da aka buɗe wa 'yan mata wuta a makarantarsu. Ba zan nuna wa 'yan makaranta wannan a cikin aji ba. Kai ka kalle shi a gida don shirya darasi.

Kafin ka kunna, ka ba su tarihin a taƙaice. Ranar 6 ga Afrilu, 1994 aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana na Ruwanda, daga nan cikin kwana kusan ɗari aka kashe mutum wajen 800,000, yawancinsu 'yan Tutsi, tare da 'yan Hutu da suka ƙi shiga kisan. Galibi da adda aka yi, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya kashe maƙwabcinsa. Ka ja hankalinsu ga rediyon da ake ji a fim ɗin, wanda ya daɗe yana kiran mutane kyankyasai kafin a ɗaga adda ko ɗaya. Sai ka tambaye su irin saƙonnin murya da ake turo musu a WhatsApp duk lokacin da aka samu hatsaniya a gari, da sunayen da ake kiran wasu da su a ciki. Ajinka a Yelwa na san ya haɗa Musulmi da Kirista da ƙabilu da dama, saboda haka kar ka bari a tashi da cewa su wane ne Hutun su wane ne Tutsin. Ka tsaya a kan yadda magana ke zama kisa.

Ka kuma gaya musu cewa fim ba littafin tarihi ba ne. Mutum fiye da 1,200 sun tsira a otal ɗin Mille Collines na Kigali, wanda fim ɗin ke ba da labarinsa, wannan tabbas ne. Amma wasu daga cikin waɗanda suka fake a can sun musanta irin jarumtar da aka ba manajan, Paul Rusesabagina. Shi kansa daga baya ya zama mai adawa da gwamnatin Ruwanda, aka kama shi a 2020, aka yanke masa ɗaurin shekara 25 a 2021, aka sake shi a 2023. 'Yan ajin ƙarshe sun isa su ji cewa labari yakan fi yadda aka nuna shi sarƙaƙiya.

Ka sanar da shugaban makaranta tun da wuri. Ka ce duk wanda ya ji ba zai iya ba ya fita ba tare da an tambaye shi dalili ba, domin a ajin nan za a iya samun yaron da gudun hijira ya kawo iyayensa Bauchi. Man janareto kuma ka saya na awa uku, don a samu lokacin tattaunawa bayan an gama. In aka kaɗa ƙararrawa suka watse da abin a ciki ba a yi magana ba, gara ba a nuna ba.

Wata matar aure daga Azare: "Maigidana ya tura min tsohon fim ɗin Indiya, Sadma. Na yi kwana biyu ina kuka. Memori ya cika, amma na kasa gogewa, kuma na kasa sake kallo."

Ki goge, ƙanwata. Fim ɗin 1983 ne, kuma tun lokacin mutane ke kuka a kan ƙarshen nan na tashar jirgi, inda Kamal Haasan, jikinsa duk rauni, yake ta wasannin da ya saba yi wa Sridevi lokacin da ta rasa hankalinta yana kula da ita, don ta tuna shi, ita kuma hankalinta ya dawo ta manta da shi ƙaf, ta ɗauka mabaraci ne. Kin riga kin haddace shi, ajiyewar ba za ta ƙara miki komai ba, kuma duk ranar da kika so ana samunsa. Ki sa hotunan yaranki ko karatun da kike saurara a wurin. In wata ƙawarki ta ce ki tura mata kafin ki goge, ki gaya mata tun farko cewa ba a haɗu a ƙarshe ba, in mai juna biyu ce ko mai sabon takaba kuma ki ce ta bari sai gaba.